Hannun da Ya Saba da Jinkiri

Na faɗi gwajin farko a wurin aiki, kuma ba abin da ya kayar da ni sai talabijin ɗin da na saya da kaina, na ɗauko shi a kafaɗa har cikin falo.

Shekara ashirin da shida ina tuƙa kiren, injin nan mai dogon wuya da ke ɗaga kwantena daga bayan mota ya jera su a fili. Ɗakin direba yana can sama, matakala hamsin da biyu, gilashi a gabanka, gilashi a ƙarƙashin ƙafarka. Boko aji huɗu na yi na gudu, amma a wannan aikin ba wanda ya taɓa ce mini in sake. Sai bara kamfani ya kawo sababbin injina waɗanda ba su da ɗakin direba sam. Mutum zai zauna a ƙasa cikin ofis mai sanyi, allo a gabansa, liba biyu a hannunsa, yana tuƙa injin da ke can nesa. Foman ya tara mu, mu goma sha ɗaya, ya ce kowa zai yi gwaji a na'urar koyo, kuma sau biyu kawai ake yi. Wanda ya haye ya samu kujera. Wanda ya faɗi sau biyu ya karɓi takardar sallama. Aka ba kowa ɗan filashi mai ɗauke da aikin gwajin, da liba biyu na roba, aka ce mu je gida mu koya. Kwamfuta kuma kowa ya nemi tasa.

Akwai kwamfuta a gidana, mai ƙarfi ma kuwa. Ta Auta ce, 'yata ta ƙarshe, wadda ke aiki a shagon magani da safe, in ta dawo kuma ta zauna gaban allo tana wasan gem. Ita ta haɗa abarta guntu-guntu da albashinta. Shekara uku muna rigima a kan wasan nan. Na kira shi aikin banza, na kira shi lalaci, har akwai ranar da na cire fis ɗin wutar ɗakinta na sa a aljihu na tafi aiki da shi. To da wace fuska zan je in ce ta ara mini?

Sai na aro tsohuwar kwamfutar ƙanena, na shiga kasuwa da tef ɗin awo a hannu. A lissafina allo kamar taga ne, wanda ya fi faɗi shi ya fi nuna waje. Na auna talabijin guda huɗu, na ɗauki mai inci hamsin da biyar, na kafa shi a kan teburin falo har ya tare rabin labule.

Auta ta dawo daga aiki ta tsaya tana kallo, jakarta a kafaɗa.

"Baba, wannan na kallon fim ne fa. Yana da nauyin amsawa."

"Na tambaye ki?"

"A'a."

"To wuce."

Ta wuce.

Sati uku na yi ina koyo. Ranar farko kwantenar cikin allo ta yi ta lilo kamar ba ni ke riƙe da ita ba. Zuwa kwana na huɗu na shawo kanta. Abin da ya sa kuwa, duk tsohon direban kiren ya san kowane inji da halinsa. Akwai wanda in ka tura liba sai ya yi tunani kafin ya motsa, in ka saki kuma sai ya ƙara tafiya kaɗan kafin ya tsaya. Ba a faɗa da irin wannan injin, riga shi ake yi. Ka saki tun kaya bai iso ba, shi zai ƙarasa da kansa. Injin lamba huɗu a filinmu haka yake, shekara tara ina kansa, ba mai iya masa sai ni. Hannuna ya ɗauki talabijin ɗin nan tamkar lamba huɗu, ya koyi halinsa ba tare da ya shawarce ni ba. Ni kuma ina zaune ina jin daɗi, ina cewa ashe abin ba wuya.

Ranar gwaji aka shigar da ni ɗaki, wata injiniya mai tabarau ta zauna a gefe da takarda. Kwantena goma sha biyu cikin minti ashirin, ba karo, ba lilo mai yawa, kuma duk sanda muryar mai ba da hannu daga ƙasa ta ce tsaya, ka tsaya. Na ɗaga ta farko lafiya. Na kai ta kusa da wurinta na saki liba kamar yadda na saba. Sai ta tsaya cak a nan inda na saki, saura kamu ɗaya ta isa. Na ƙara turawa, ta wuce. Na dawo da ita, ta fara lilo. A ta biyar na bugi layin da ke gefe, allo ya yi ja. Injiniyar rubutu kawai ta yi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A waje na tarar da Gajere, abokin aikina tun muna samari, wanda ya haye tun da safe.

"Kai, Sarkin Sama! Kwantenar da ba ta da nauyin ko allura ce ta kayar da kai?"

"Rufe mini baki."

"Na rufe. Amma saura ɗaya fa, mutumina. Sati uku."

Ya faɗe shi ba da dariya ba, shi ya sa ya shige ni.

Na isa gida uwar yara tana kan keken ɗinkinta. Ta ɗaga kai ta dube ni sau ɗaya, ta cire ƙafa daga kan feda.

"Ba sai na tambaya ba ke nan."

"Hannu ya tsufa," na ce. "Shi ke nan. Shekara hamsin da uku, me ake jira?"

"Jiya da wannan hannun ka zura mini zare a allura, ni da na kasa. Maigida, ga mai sanin abin nan a cikin gidanka, bango ɗaya ya raba ku."

"Ba zan je ba."

"To zauna. Girman kai dai ba ya biyan kuɗin haya."

Ban je ba. Kwana biyu ina zaune gaban talabijin ina jera kwantena daidai wa daida, ba kuskure ko ɗaya, abin yana ƙara ɗaure mini kai. A gida gwani, a ofis ɗan koyo. A rana ta uku Auta ta fito daga ɗakinta da waya a hannu, ta durƙusa gefen kujerata.

"Baba, don Allah ka tura libar nan sau ɗaya ka saki. Sau ɗaya kawai, ba zan ce komai ba."

Na tura na saki, don dai ta tafi. Ashe hoton bidiyo take ɗauka, hannuna da allon duka a ciki. Ta rage gudun hoton ta miƙo mini. Na ga yatsuna sun saki liba, libar ta koma tsakiya ta tsaya, kwantenar cikin talabijin kuwa tana ta tafiya abinta. Sai can ta tsaya. Na ce ta sake nuna mini. Ta sake har sau huɗu.

"Ka gani? Talabijin yana karɓar hoto ya tsaya ya yi masa kwalliya kafin ya nuna maka. Kwamfutar Kawu ma ta gaji, tana ƙara nata. Kai kuma sai ka koyi riga su. Na ofishinku ba ya jira, kana saki yake tsayawa."

"Wato ba hannuna ba ne."

"Hannunka ne ma ya yi ƙwarewar da ta yi yawa. Mu a wasa in allo yana da wannan jinkirin kuka muke yi mu tashi. Kai cikin kwana huɗu ka horar da shi."

 Kwana uku ina kwana ina tashi da cewa na ƙare, yarinyar da na cire wa fis ta zo da waya ta sauke mini wannan dutsen cikin minti biyu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To yanzu sai yaya?"

Muka gwada a ɗakinta. Allonta yana amsawa nan take, na ji haka tun daga turin farko. Amma ƙarami ne, idona kuma ba na da ba ne. Ƙusoshin da ke kama kusurwar kwantena sai na matso har hancina ya kusa taɓa gilashi kafin in gan su. Ta ce kwamfutarta za ta yi, allo ne dai sai an nemo wanda ya fi wannan girma kuma bai da nauyi. Ta ƙara da cewa sai da abin kunne, don keken ɗinkin Mama ba ya barin a ji muryar mai ba da hannu. Na ce ina da mai waya. Ta ce ta gani, sau biyu ina fizge shi da gwiwar hannu yana faɗuwa ƙasa.

Ranar Asabar da safe muka tafi shagon kayan kwamfuta, hawa na biyu a wani dogon gini. Na zuba libobina a jakar ɗinkin uwar yara na riƙe. Mai shagon wani mai tumbi ne da baki kamar rediyo. Yana ganinmu ya nufi Auta.

"Hajiya ƙarama, an zo sabunta kaya? Baba zai biya ke nan, Allah ya ƙara arziki."

"Nawa ne," na ce. "Ni zan yi aiki da shi."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Baba, gem kake bugawa?"

"Kiren nake tuƙawa. Jona wannan filashin, ka jera mini waɗanda kake yabo."

Ya jera uku a kan dogon tebur ya fara karatu. Wannan yana sabunta hoto sau kaza a sakan, wancan launinsa miliyan kaza, wannan kuma Turawa ma rububinsa suke yi. Na ɗaga masa hannu.

"Malam, lambobin nan ba na jin su. Samo kwali ka rufe takardun da ke jikinsu, har da farashin. In na ga farashi zuciyata za ta zaɓa, ni kuma hannu na kawo."

Auta ta juya baya tana dariya. Mai shago ya yayyaga kwali ya rufe.

Na farko inci talatin da biyu ne, hotonsa garau, har tsatsar jikin kwantena kana gani kamar ka kankare da farce. Raina ya so shi. Na tura liba na saki. Bai kai talabijin ɗina nauyi ba, amma akwai ɗan ja, kamar igiyar da ba a ɗaure ta tam ba. In kaya ya yi lilo kuma sai ya bar wata inuwa a bayansa, kusurwa ɗaya ta zama biyu. Wanda zai saka ƙusa a rami ba ya son kusurwa biyu. Na ce a wuce.

Na biyu dogo ne mai lanƙwasa, ya zagaye fuska kamar gilashin gaban mota. Wannan mai shago ya fi so in ɗauka, na gane daga yadda yake shafa shi. Saurinsa ba laifi. Amma layin kwantenoni da na san a miƙe yake sai na gan shi ya yi ciki kamar bakin kwarya.

"Ido zai saba, Baba," in ji mai shago. "Kwana biyu kawai."

"Sabon ne ya kawo ni nan. Ba na son abin da zan saba da shi, ina son wanda ke faɗin gaskiya."

Na uku inci ashirin da bakwai, shimfiɗaɗɗe, ba wani ado. Hotonsa bai kai na farko kyau ba. Na tura, ya tafi. Na saki, ya tsaya. Na yi masa mugunta, na kaɗa kaya da gangan na tare shi a tsakiyar lilo, kusurwa ta tsaya guda ɗaya tak. Na jera kwantena uku a tsaye ban zauna ba.

"Wannan."

Mai shago ya cire kwalin ya duba, ya dubi Auta. "Ke kika yi masa ishara."

"Wallahi ban ce uffan ba."

"Sau ɗari da sittin da biyar a sakan. Irin wanda 'yan gasa ke nema ke nan. Baba, ka tabbata ba ka bugawa a ɓoye?"

"Kawo na kunnen, surutunka ya isa."

A nan ma sai da aka sha fama. Kunnena na hagu ya mutu rabi tun shekarun da muke aiki ba abin toshe kunne, na dama ne ke ɗauke da ni. Auta ta ce yadda za mu gwada shi ne ta buɗe wani abu da ke yin ƙara, ƙwas, duk sanda ta danna maɓalli, ni kuma in zuba wa yatsanta ido. Wannan gwajin na gane shi tun kafin ta gama bayani. Daga sama in kwantena ta sauka a can ƙarshen fili, ido ke fara gani, sannan ƙarar ta iso. Da wannan tazarar nake sanin nisan abu.

Na farko fari ne mai kyau, irin wanda matasa ke yawo da shi, ba waya, yana haɗuwa da bulutut. Yatsanta ya sauka, sannan ƙwas ta biyo baya.

"Wannan yana can ƙarshen fili," na ce. "In aka ce tsaya, kafin in ji na taka mutum."

Na biyu yana da ɗan toshi ƙarami kamar ƙwayar wake da ake soka wa kwamfuta, ta nan yake magana da kunne. Yatsa da ƙara tare suka sauka. Sai dai ina juya kai ya zame daga kunnena ya faɗa cikin rigata, sai da na fita bayan kanta na kwance maɓallai kafin na same shi, mai shago yana ta addu'ar kada ya wuce ƙasa. Na uku shi ma mai toshin ne, kuma ya zo da robobi kala uku na bakin kunne. Auta ta sa mini mafi girma, ya zauna daram. Amma ina sa shi duniya ta ɗauke, fankar shago, motocin titi, har numfashin mai shago, kamar an tura kaina cikin randa. Na fizge shi.

"Ba na so. Direban da ba ya jin abin da ke kewaye da shi makashi ne."

"Baba, tsaya mana. Ana kashewa." Ta danna gefensa ta mayar mini. Fanka ta dawo, titi ya dawo, ƙwas ɗin kuma tana nan a kan lokaci. Ta ɗan taɓa wani abu a kwamfuta. "Muryar mai ba da hannu ta hagu take fitowa a aikin naku. Na haɗe ta, yanzu duka kunnuwa za su samu."

Ban taɓa gaya mata wane kunne ne ya mutu ba. Ashe ta lura da ɓangaren da nake juyowa in ana yi mini magana.

Na biya, na ɗauki kwalin allo, ta ɗauki na kunne. A matakala ta ce, "Talabijin ɗin fa?" Na ce uwarki ta samu na kallon fim.

Daga aiki ƙarfe biyar nake dawowa, don haka lokacin koyo ya zama biyar da rabi zuwa bakwai da rabi. Auta ta kwance kwamfutarta ta kawo falo ta haɗa da sabon allon. Na san a daidai wannan lokacin take zama wasanta kullum, su biyar ne a ƙungiyarsu, kowa a gidansa, suna magana ta kunne. Na ce, "Ke fa da naki?" Ta ce ta yi magana da mutanenta. Ban ƙara tambaya ba. Amsar ta yi mini daɗi, sai na karɓe ta haka.

Koyon abu da sauƙi a kan mantar da shi. Hannuna ya ƙi yarda an sauya masa inji. Ido yana ganin kaya bai iso ba, yatsu sun riga sun saki. Auta tana zaune a kan kujerar roba gefen damana, ta ƙi yarda ta koma hagu.

"Ka riga shi, Baba."

"Na gani."

"Ka sake riga shi. Jira ka ga ta zauna, sannan ka saki."

"Na ce na gani!"

Ƙarfe shida wayarta kan yi ƙara, ta kife ta a cinya ta ci gaba da kallon allo. A kwana na shida na bugi layi sau uku a jere. Na ɗauki libar dama na yi jifa da ita, ta daki ƙafar keken ɗinki.

"Shekara ashirin da shida ina ɗaga ƙarfe na gaske! Yau 'yar wasan yara ce za ta zauna tana gaya mini jira?"

 Auta ta tashi ta ɗauko libar, ta duba wayar jikinta ko ta tsinke, ta mayar da ita gabana.

"Saura kwantena bakwai," ta ce.

Uwar yara ba ta ɗaga kai daga ɗinkinta ba. "In ka fasa mini keke, Sarkin Sama, kai da kamfanin naku duka ba ku isa ku biya ba. Kuma wasan yaran nan shi ke riƙe da tukunyar gidan nan yanzu, sai ka san yadda za ka riƙa kiransa."

Na jera bakwai ɗin. Ban ba da haƙuri ba, ban iya ba. Amma daga ranar ban sake ɗaga mata murya ba, kuma da ta kawo wata dabara na bi. Ta ce in riƙa furta "zauna" da bakina duk sanda kaya ya taɓa wurinsa, kada in saki sai kalmar ta fita. Haka suke yi wa sabon ɗan wasa mai gaggawar hannu, in ji ta. Na zama kamar mahaukaci, babban mutum a falo yana ce wa allo zauna, zauna. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambayi uwar yara ko mun sayi kare. Amma abin ya yi aiki. A sati na biyu baki da hannu suka daidaita. A na uku na daina furtawa, hannu ya riƙe da kansa.

Ranar gwaji na biyu injiniyar nan ce dai mai tabarau. Na zauna, na goge tafin hannuna a wando. Kwantena ta farko na kai ta, yatsuna suka yi ƙaiƙayin saki, na ce a raina zauna, suka jira. Ta shiga wurinta kamar an zuba ta. A ta takwas murya ta ce tsaya ina tsakiyar tafiya, na tsaya, kaya ya ɗan girgiza ya natsu. Na gama goma sha biyu cikin minti goma sha bakwai, allo bai yi ja ko sau ɗaya ba.

Injiniyar ta cire tabarau. "Malam, kai ne na wancan karon kuwa? Wa ya koya maka?"

"'Yata."

"Direba ce?"

"Ta fi direba," na ce, na karɓi takardata.

Gajere ya rungume ni a bakin ƙofa har hulata ta faɗi. Cikin mu goma sha ɗaya, bakwai muka samu kujera. Huɗun da suka tafi ba wanda na fi iya aiki a cikinsu, wannan na sani. Abin da na fi su shi ne wadda ke zaune a gefen damana.

Na dawo gida da wuri. Da hannuna na kwance kwamfutar na mayar ɗakin Auta, na haɗa da sabon allon na ɗora mata a tebur, abin kunnen a gefensa. Wayoyin ne ban san inda kowace ke shiga ba, na bar mata su a jere. Da ta dawo daga shago na gaya mata na haye. Ta yi tsalle ta riƙe wuyana kamar tana 'yar shekara biyar, uwarta tana guɗa a kan keke.

"Allon naki ne," na ce. "Na kunnen ma. Allah ya yi miki albarka. Je ki haɗa, shida ta kusa, kada mutanenki su jira."

Ta yi godiya har ƙasa. Amma ba ta shiga ɗakin ba. Shida ta yi tana falo tana taya uwarta warware wani ɗinki. Shida da kwata tana nan. Wayarta kuma ba ta yi ƙara ba.

"Auta, ba ki ji abin da na ce ba?"

Ta dubi uwarta. Uwarta ta ce, "Gaya masa. Ya haye, yanzu zai iya ɗauka."

"Ba komai ba ne, Baba. Wasannin share fagen gasa ne suka faɗo cikin satin nan uku. Dokarmu, wanda ya rasa atisaye uku a jere ya ba da wurinsa. Sun yi mini kara ma, sai da na rasa shida."

"Me ya hana ki faɗa? Da na koma koyo da safe, ko bayan kin gama."

"Da safe kana wurin aiki. In ka wuce takwas kuma idonka ruwa yake yi, na gani. Da na faɗa maka, cewa za ka yi a bar shi, ka koma kan talabijin ɗinka."

Gaskiya ta faɗa, haka zan yi.

"To yanzu ki kira su. Ki ce kin dawo, ga sabon allo. Ko ni in yi musu magana."

Ta yi murmushi tana jan zare. "Sun riga sun miƙa sunaye, ba a canzawa. Wanda suka ɗauka ma ya iya, ba laifi. Sun haye zagaye na biyu shekaranjiya."

Na tambaye ta tun yaushe take cikin ƙungiyar. Ta ce shekara biyu da wata huɗu, kuma wannan ne karo na farko da suka kai matakin gasa. Ranar Litinin na fara aiki a ofis mai sanyi, kujera ta uku daga ƙofa. Su kuma suka buga gasarsu a ƙarshen wata, su biyar, da wani a wurin Auta.